Sito Ba Ya Cika da Kansa

Litinin, 4 ga Agusta

Yau Yaya ya rataye gilashin waldana a ƙusa. Ba ƙusar da na saba ba, ta can sama kusa da mita, inda yake ajiye abin da ba a taɓawa.

Abin bai kai ya kawo ba. Muna ɗaura rumfa a ƙofar wani shago, na hau tsani, a mataki na huɗu duniya ta juya. Ban faɗi ba. Rungume tsanin na yi kamar wanda ya daɗe bai ga ɗan'uwansa ba, har jirin ya wuce. Da na sauko, Yaya bai yi faɗa ba. Gara ma ya yi. Sai da muka koma shago ya ce ƙarshen Oktoba za mu fara hasumiyar tankin ruwa ta wata makaranta, ƙafa talatin. In zuwa lokacin ba na iya hawa, zai ɗauko wani. Ni kuma fenti da tsaron shago.

Shekara tara ina riƙe walda. Fenti.

Littafin nan tun asali na ƙirga ne. Shekara shida ke nan da aka gano min ciwon hanjin nan mai kumburi, wanda ba ya warkewa, sai dai ya kwanta ya tashi. Likita ya ce in riƙa rubuta sau nawa na zaga a rana, da jini ko babu. A aji biyar na tsaya, rubutuna kamar kaza ta yi tono, amma ai ni ke karantawa.

Yau: zagawa shida, biyu da jini. Zama a shago: goma sha ɗaya. Wannan ba likita ne ya sa ni ba. Ina ƙirgawa ne don na san ana ƙirga min.

Talata, 5 ga Agusta

Na goge tsatsa a ƙofofi uku. Ƙanƙara leda huɗu.

Alhamis, 7 ga Agusta

Asibiti, ranar ɗibar jini. Mai ɗiban, kowa Sauro yake ce masa, shi ma yana amsawa. Siriri ne, kuma ba ka jin shigar allurarsa sai ya gama. Ya ja fatar ƙasan idona ya duba, ya ce mai walda, yau ma da ƙyar zan samu na kalaci a jikinka. Na ce ya yi haƙuri, gidan marowata ya zo.

Benen asibitin mataki ashirin da biyu ne. Na huta sau biyu. Wata tsohuwa da sanda ta wuce ni, har ta yi min sannu.

A layinmu yanzu sunana Ɗan Hutu. Yaya ne ya fara, da wasa, bara. Yanzu har mai faci da mai gyaran fanka. Ƙanƙarar ce ta ja min. Mai ƙanƙara tana jikin shagonmu, ni kuma da na ji ƙarar buɗe firjinta sai haƙorana su fara ƙaiƙayi. Ba sha nake ba, tauna nake, gurus-gurus, ko ana ruwan sama. Yaya ya ce bai taɓa ganin marar lafiya mai zaɓen kayan daɗi irina ba.

Ban taɓa gaya wa likita ba. Me zan ce? Ƙato da ni.

Alhamis, 14 ga Agusta

Sakamako ya fito. Yaya ne ya kai ni a babur, ya kuma biyo ni har ciki, abin da bai taɓa yi ba.

Likitanmu mutumin kirki ne, amma sauri. Mutum sittin ne a bencinsa, to ya zai yi? Yana rubutu yana magana, ba ya ɗago kai. Ya ce jinina tara da ɗigo ɗaya, ya yi ƙasa, na namiji ya kamata ya kai sha uku. Yaya ya tambaya ko ƙarfen jini ne ya ƙare kamar wancan karon. Likita ya bi takardar da biro, ya tsaya a wata kalma, feritin. Ya ce wannan shi ne siton ƙarfe na jiki, nawa tamanin da takwas, lafiya lau. Ƙarancin jinin daga ciwon hanjin ne kansa, in ya lafa jinin zai tashi. In ci gaba da magani.

Magana huɗu ya yi. Yaya ɗaya ya ɗauko.

Muka hau babur muka dawo. Sai a shago, mai faci ya tambaya ya jiki, Yaya ya ce, "Likita ya ce ƙarfensa lafiya lau." Aka yi dariya. Mai faci ya ce to dama mai walda ya rasa ƙarfe, ai sai mahauci ya rasa nama.

Na shiga bayan ƙofofin da aka jingine na zauna. A can nake zama yanzu, ba a gani daga titi.

Wata rana nakan ce ƙila gaskiyarsu ce. Ƙila haka ragwanci yake daga ciki, mai shi ba ya sani, yana ji kamar ciwo.

Asabar, 16 ga Agusta

Umma ta ɗaura ɗamarar yaƙi. A wajenta duk abin da yake ja jini ne. Tumatir ɗanye da safe, lemon kwalba ja da rana, yau har da kankana, wai in cinye jan in bar farin. Ga shayi mai kauri bayan kowane abinci, wai yana tsayar da jiri. Na ce Umma, in ja ne magani ai da na sha fentin da nake shafa wa ƙofofi. Ta ce Auta, ka kiyaye ni.

Na cinye. Idonta a kaina, ya zan yi.

Laraba, 20 ga Agusta

Ruwa tun safe, babu wuta, babu aiki. Na zauna a ɗaki.

Duk takardun asibitina suna cikin kwalin sandunan walda, ban taɓa yar da ko ɗaya ba. Turancin ba na ji, amma lamba lamba ce, ni kuma da awo nake cin abinci. Na baje su a tabarma, na jera da kwanan wata, yadda nake jera bututu kafin yanka, gajere zuwa dogo. Sha ɗaya ne. Huɗu ne kawai ke da kalmar nan feritin.

Ta Maris ɗin bara: ashirin da biyu. Lokacin ne aka ce ƙarfena ya yi ƙasa, aka ba ni ƙwayoyi.
Ta Yulin bara: saba'in da huɗu.
Ta Janairu: talatin da biyar.
Ta yanzu: tamanin da takwas.

Sai na ɗauko tsofaffin littattafaina na duba me nake ciki a waɗannan watannin.

Maris, ciki lafiya, zagawa biyu. Yuli, ciki ya tashi, takwas, jini kusan kullum. Janairu ya kwanta. Yanzu ya tashi.

Na daɗe ina kallo. Wato duk lokacin da jini ya fi zuba daga jikina, lokacin ne takarda ke cewa sito ya cika. In na samu sauƙi kuma, sai ta ce ya ragu.

Ga kuma abin da ban gaya wa kowa ba. Ƙwayoyin nan na bara, sati uku kawai na sha. Murɗa min ciki suke yi, na ɓoye sauran a aljihun tsohuwar rigata, suna nan har yau. Da aka ga saba'in da huɗu, likita ya ce madalla, magani ya yi aiki. Na yi shiru, na ji daɗi ma, asirina ya rufu.

To daga ina ƙarfen ya zo? A shagonmu in ba a sayo rodi ba, kullum kuma ana yanka, ba ka buɗe sito ka tarar ya ninka uku. Sito ba ya cika da kansa. Ko dai mai ƙirga ya yi kuskure, ko akwai abin da ke kumbura lambar.

Akwai wata lamba kuma mai haruffa uku a ƙasa. Ita ma tare suke hawa, tare suke sauka, kamar an ɗaure su da igiya.

Na tattara takardun, gobe in nuna wa Yaya. 

Alhamis, 21 ga Agusta

Na nuna wa Yaya. Kuskure.

Yana auna firam ɗin ƙofa, bai ma ajiye tef ba. Ya saurara rabi, ya ce wato likitan da ya yi shekara da shekaru yana karatu bai gani ba, sai ɗan aji biyar. Ya ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba, balle wanda ko tsani ba ya iya hawa.

Wannan ta ƙarshen ta shiga.

Na rubuta a nan don kada in manta: ranar da takarda ta fito da gaskiyata, a kan teburinsa zan shimfiɗa ta, gaban mai faci da kowa, in ɗora guduma a kai. Ba zan ce komai ba. Shi zai karanta.

Alhamis, 28 ga Agusta

Na je ba ranata ba. Awa biyar a benci. Da na shiga, likita ya ce me ya faru, yana rubutu. Takardun na hannuna a cikin leda. Bakina ya mutu. Na ce jiri ne. Ya ce ai mun yi maganar, a ci gaba da magani, na gaba.

Na fito kamar kazar da aka tsoma a ruwa.

A ƙasan bene na haɗu da Sauro zai tafi cin abinci. Ban san yadda aka yi ba na zazzage masa komai a tsaye. Ya duba takardun ɗaya bayan ɗaya, ya daina murmushi. Ya ce shi aikinsa ɗiba, fassara ta likita ce, ba zai shiga hurumin da ba nasa ba. Amma lambar nan mai haruffa uku, awon kumburi ce, wato yawan wutar da ke ci a jiki. Ya kuma ce kada in zo wa mai sauri da takarda sha ɗaya. In zo da ɗaya.

Talata, 2 ga Satumba

Na yanki kwali fari, na ja layi da rula kamar lissafin yankan ƙarfe. Wata, sito, wuta, zagawa. Layi huɗu. Na yi sau uku kafin ya fito da tsabta. A ƙasa na rubuta: ƙwaya sati uku kawai na sha.

Wannan layin ya fi sauran wuya.

Alhamis, 4 ga Satumba

Yau!

Bari in bi a hankali kada in tsallake.

Na shiga, na gaishe shi, ban zauna ba, ban kuma buɗe baki ba don na san halin bakina. Kwalin kawai na ɗora a kan takardar da yake rubutu. Rashin kunya ce, na sani. Ya ɗaga zai miƙo min, sai idonsa ya tsaya.

Ya ajiye biro. Shekara shida ban taɓa ganin biron nan a kwance ba.

Ya ce in zauna. Ya ce wa ya rubuta min. Na ce ni. Ya ce wa ya nuna min. Na ce babu, ruwa ne ya hana mu aiki. Ya karɓi takardun asali ya gwada da kwalin, layi-layi, yana gyaɗa kai. Da ya zo layin ƙasa na sunkuyar da kai ina jiran faɗa. Sai ya ce da na faɗa tun bara da an huta, ƙwayoyin nan masu irin ciwona da yawa ba sa jure su, ba laifi ba ne. Laifin shirun ne.

Sannan ya ɗago, ya dube ni sosai, ya kama hannuna ya juya faratana. Ya ce, "Kana cin wani abu da ba abinci ba? Ƙasa, alli, ƙanƙara?"

Wallahi sai da na waiga, na ɗauka Yaya ne ya shigo ya gaya masa.

Na ce leda huɗu, wata rana biyar. Ya ce tun yaushe. Na ce ya fi shekara. Ya jingina da kujera ya yi wata 'yar dariya, ba ta raini ba. Ya ce wannan ba kwaɗayi ba ne, alama ce, jikin da ya rasa ƙarfe yakan sa mutum haka. Ashe ruwa ba ya tsami banza.

Ya yi min bayani, na kuma gane, don da yaren shago ya yi. In wuta ta tashi a jiki, lambar siton takan kumbura ko da abin da ke ciki kaɗan ne, jiki kuma ya garƙame ƙofar, ɗan abin da ke ciki ma ba ya fita. Ga mai lafiya, tamanin da takwas daidai ne. Ga mai ciwo irin nawa, yana tsakiyar tashi, duk abin da bai kai ɗari ba abin tuhuma ne. Akwai wani awon da ba ya kallon sito, motocin da ke dakon ƙarfe a cikin jini yake tarewa a hanya, ya ga nawa ne da kaya, nawa ne wayam. Shi za a yi. Gobe da safe.

Ina fita ya ce, "Ni lamba ɗaya na duba. Kai ka duba huɗu." Ya ce zai riƙe kwalin.

Na sauko bene ban san na sauko ba. A ƙasa dai sai da na zauna.

Juma'a, 5 ga Satumba

Sauro ya ɗebi kwalba biyu. Ya ce yau kam da izinin manya ya zo.

Ban gaya wa Yaya komai ba. Sai takarda.

Alhamis, 11 ga Satumba

Takwas cikin ɗari.

Mota ɗari, takwas ne da kaya. Likita ya ce ƙasa da ashirin ma rashi ne. Ya zagaye lambar da jan biro, ya rubuta wani abu a gefe, ya ja layi biyu a ƙarƙashi.

Da wannan nake ɗaga ƙofar ƙarfe. Da wannan na yi shekara ina hawa tsani. Da takwas.

Na shiga ban ɗakin asibitin na rufe. Ba ciki ne ya kai ni ba. Shi ke nan, ba sai na rubuta ba.

Ba ƙwaya wannan karon. Ta jijiya za a sa min, sau biyu, sati tsakani, don hanjina ba ya karɓa yanzu. Ya kuma canza min maganin hanjin, ya ce banza ne a zuba ruwa a tulu ba a toshe huda ba. Shayi kuma a raba shi da abinci, ko da awa ɗaya, yana hana jiki ɗaukar ƙarfen da ke cikin abincin.

Takardar na aljihuna. Na wuce teburin Yaya sau uku. Ga guduma a kai, ga mai faci a ƙofa. Na ce a'a, ba yanzu ba. Takarda mai cewa ba ni da lafiya ba za ta sauko min da gilashi ba. Sai na haɗa da ta biyu, mai cewa na warke, in buga su tare.

Litinin, 15 ga Satumba

Ƙarin ruwa na farko. Umma ta raka ni.

Da ma'aikaciyar jinya ta rataye ledar, Umma ta matso ta leƙa, ta ce 'yar nan, anya ba a yi kuskure ba? Wannan ai ba ja ba ne. Gaskiyarta, ruwan kamar wanda na wanke tsatsa a ciki. Na ce Umma, shekara tara ina kankare shi daga ƙofofin mutane ina zubarwa, yau ga shi ana ɗura min. Ma'aikaciyar ta yi dariya har ta dafa gado.

Maganar shayi ce ta taɓa Umma. Ta ce wato da hannunta take korar abin. Na ce a'a, hanjin ne babban ɓarawo, shayi ɗan rakiya ne kawai. Ba ta yarda duka ba. Da muka dawo ta ɗauke butar daga kan tebur ta kai kicin, kamar mai korar baƙon da ya yi abin kunya.

An riƙe ni rabin awa bayan an gama, a ga ko jiki zai ƙi. Bai ƙi ba. Ɗan ɗanɗanon ƙusa a baki kawai.

Juma'a, 19 ga Satumba

Mai ƙanƙara ta leƙo shago da yamma, ta ce ko ta yi min laifi ne. Na ce na me? Ta ce kwana biyu ba ta gan ni ba.

Sai a lokacin na lura. Firjinta ya buɗu ya rufu yini guda, haƙorana ba su ce komai ba. Na sayi leda ɗaya don kunya, na sa a baki. Sanyi kawai, har cikin ƙwaƙwalwa. Ta yaya mutum zai tauna wannan abin?

Ta ce ta yi asarar babban ɗan kasuwa, amma ta yafe.

Yaya na jin mu. Bai ɗago ba.

Litinin, 22 ga Satumba

Na biyu. Lafiya.

Talata, 30 ga Satumba

Ba daɗi yau. Ciwon kai tun jiya, gaɓoɓi kamar an yi min duka. Na ɗauki bututu biyu daga mota, numfashi ya tsaya min a wuya. Zama: takwas.

Kuma Yaya ya kawo wani. Dogo, mai faɗin kafaɗa, daga wani shago a bayan kasuwa. Wai ya zo ganin zanen hasumiya ne kawai. Ya gaishe ni da ladabi, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Ina riƙe da burushin fenti.

Likita ya ce jini ba a walda shi, shuka shi ake yi, sai an ba shi sati huɗu zuwa shida. Saura sati huɗu a fara aiki. An ce mai haƙuri yakan dafa dutse. Ba a faɗi ranar da zai nuna ba.

Laraba, 8 ga Oktoba

Zagawa biyu, babu jini, kwana tara ke nan.

An kawo ƙarfen hasumiya. Ni da direba muka sauke, Yaya na ƙirgawa. Sai da motar ta tashi na ga babu sauran ko ɗaya, ni kuma a tsaye. Na tsaya ina jiran jirin, kamar mai jiran baƙon da ya saba zuwa. Bai zo ba.

Yaya ya dube ni, ya dubi tulin ƙarfen, ya ce a kawo ruwa. Ya sha, ya miƙo min sauran.

Alhamis, 16 ga Oktoba

Mataki ashirin da biyu, a tafi ɗaya. Na sauko na sake hawa don in tabbatar. Mai shara ta ce ko na yar da wani abu ne.

Sauro ya ja fatar idona, ya ce a'a, yau gidan masu hali na zo.

Alhamis, 23 ga Oktoba

Sha biyu da ɗigo shida! Motoci ashirin da bakwai da kaya!

Likita ya ce saura kaɗan ya cika, zai kuma cika. Zan iya hawa, da bel ɗaure a ƙugu, a hankali, in na ji wani iri in sauko ba gardama. Ya ce kada in ɗauka an gama. Ciwon yana nan, ƙarfen zai iya sake zurarewa, duk wata uku za a auna, kuma duka awon, ba sito kaɗai ba. In na ji ƙanƙara ta fara kirana, kada in jira wata uku.

Kwalina na nan a ƙarƙashin gilashin teburinsa. Ya ce ya sake duba wasu mutum biyar a cikin masu zuwa wajensa, masu ciwon ƙoda da na gaɓoɓi, uku irin nawa ne.  Na ce Allah ya ba su lafiya.

Takarda biyu a aljihu yanzu. Litinin.

Litinin, 27 ga Oktoba

Na zo da wuri, da takarduna, na ma zaɓi gudumar.

Gilashina na kan teburin. Ba a ƙusa ba. An canza masa madubin da ya tsage tun bara, an sa sabon maɗauri. Kusa da shi bel ne, sabo fil, da ledarsa.

Yaya ya shigo, ya ce me nake kallo, mota na jira. Na ce Dogon fa? Ya ce wane Dogo.

A hanya, muna bayan mota a kan ƙarfe, yana kallon titi, ya ce ranar nan ta tsani, da na rungume shi, shi ne a ƙasa yana riƙe. Ya ji rawar jikina ta biyo ƙarfen har tafin hannunsa. "Da ka faɗo, da wane baki zan shiga wajen Umma?"

Iyakar abin da ya ce ke nan. Ni kuma na bar takardun a aljihu. Mai faci ba ya nan, ba daɗi a yi abu ba 'yan kallo. Wata rana.

Laraba, 5 ga Nuwamba

Na gama kan hasumiya. Ni, da hannuna.

Ƙafa talatin. Na ɗaure bel, na hau, ina ƙirga mataki don sabo, a na huɗu na ɗan tsaya na gaishe shi, na wuce. A sama iska ce kawai da ƙarar walda. Ɗinkin ya fito sumul kamar an zana, ko gurbi ɗaya babu. Da na ɗaga gilashi sai ga gari duka a shimfiɗe, rufin kwano, filin ƙwallon makarantar, har benen asibiti can nesa, fari.

Yaya a ƙasa, ƙanƙani, ya kare ido da hannu. Na ƙwala masa kira na ce, Yaya, yaro ya hau rimi, kuma yana gani! Ya ɗaga min spana kamar zai jefo. Daga nan ma ina hango haƙoransa.

Awon gindin tankin bai zo daidai da zane ba, sai da na sake aunawa a sama. Babu takarda, na laluba aljihu, na rubuta a bayan wadda na samu, na ɗaure da waya na jefa masa ya yanka.

Asabar, 8 ga Nuwamba

Na nemi takardar nan mai jan biro in mayar kwalin sandunan walda. Babu. Ta biyun ce kawai a aljihu. Sai na tuna abin da na jefa daga sama.

Tana shago, a ƙusar sama kusa da mita. Ba ni na soke ta a can ba. Kuma ba gefen awon tanki ne ke kallon waje ba.

Ban tambaya ba, bai faɗa ba. A can zan bar ta, kwalin ma ya cika.

Da rana zafi ya yi yawa, na ja benci na zauna a bakin ƙofa, inda iska take. Mai faci ya wuce ya ce Ɗan Hutu, ana hutawa? Na ce wallahi kuwa, zo ka taya ni. Yaya daga ciki ya ce a bar Likitan Ƙarfe ya sha iska, kuɗin ganinsa da tsada.

Zagawa biyu, babu jini. Ƙanƙara babu.

Zama: ban sani ba. Ban ƙirga ba.